Awon Jinin Sida: Lokacin da Ƙwayar Cuta Ke Ɓuya

A gidajen likita na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, har ma da ƙananan asibitocin karkara, awon jinin sida ya zama abu mai sauƙi. Ma'aikacin lafiya zai huda yatsa, ya ɗiga jini bisa wani ɗan tsinken takarda, a jira minti 15 zuwa 20. In layi ɗaya ya fito, sai a rubuta « negatif », wato ba a ga alamar cutar ba. In layi biyu ne, sai an sake awo da wasu kayan dabam kafin a shaida wa mutum cewa yana ɗauke da ita. Wannan awo abin dogara ne ƙwarai, kuma albarkacinsa mutane miliyoyi a duniya suka san halin da suke ciki, suka shiga shan magani tun ciwo bai kā da su ba.

Duk da haka, akwai lokutan da ƙwayar cutar tana cikin jini amma takarda ta ce babu. Lokutan nan ba su da yawa, kuma likitoci sun san su ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata jama'a ma su san su, domin a kan wannan ƴar takarda ake ɗaura aure, a kanta ake ƙara wa marar lafiya jini, a kanta kuma wasu ke yanke shawarar barin magani. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Abin da awo ke nema

Ƙwayar da ke kawo sida, wadda ake kira VIH a nan Nijar, maƙwabta na Nijeriya kuma ke ce mata HIV, an gano ta a shekarar 1983 a cibiyar Pasteur ta birnin Paris, a hannun Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier da abokan aikinsu. Shekara biyu ke nan bayan da likitocin Amurka suka ba da labarin marasa lafiya na farko, cikin watan Yuni na 1981. A watan Maris na 1985 aka ba da izinin yin aiki da awon jini na farko a Amurka, musamman don tace jinin da ake ƙara wa mutane. A Nijar kuwa, a shekarar 1987 aka tabbatar da mutum na farko mai ciwon sida.

Shi wannan awo na farko, da yawancin awon gaggawa da ake yi har yau, ba ƙwayar cutar kanta suke gani ba. In wata baƙuwar ƙwaya ta shiga jikin mutum, jiki yakan ƙera wasu makamai na musamman don yaƙarta, waɗanda likitoci ke kira « antikor ». Kowace cuta da irin nata antikor. Su ne awo ke nema cikin jini. Aikin ya yi kama da na mai bin sawu: bai ga ɓarawo da idonsa ba, amma da ya ga sawu a bakin garke ya san an shigo. To, in sawu bai riga ya fito ba, ko ya zo da wata siffa da mai bin sawun bai sani ba, ko kuwa iska ta share shi, sai a ce garke lafiya lau alhali ɓarawo yana ciki. Waɗannan hanyoyi uku su ne tushen kusan duk wani ɓuyan da ƙwayar sida ke yi wa awo.

Kwanakin ɓuya

Hanya ta farko, wadda ta fi sauran yawa nesa ba kusa ba, ita ce ta sabon kamu. Daga ranar da ƙwaya ta shiga jiki zuwa ranar da antikor za su yi yawan da awo zai iya ganinsu, akwai tazara. Likitoci na kiran wannan tazara « taga », domin ta nan cuta ke kuɓuce wa awo. Cikin kwana goma na farko ko kusan haka, babu wani awo a duniya da ke iya ganin kome. Bayan nan sai ƙwayar ta fara hayayyafa da sauri cikin jini, jiki kuma yana biye da ita a baya.

Tsawon tazarar ya danganta da irin awon da aka yi. Bisa lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, awon da ke neman antikor kaɗai, kamar yawancin na huda yatsa da na shafa dasashi, yana fara ganin cutar tsakanin kwana 23 da kwana 90 bayan kamuwa. Awon ɗakin bincike, wanda ake ɗibar jini daga jijiya, wanda kuma ke neman antikor tare da wani ɓangare na jikin ƙwayar mai suna p24, yana gani tsakanin kwana 18 da kwana 45. Awon da ke neman asalin ƙwayar kanta, wanda aka fi sani da PCR, shi ne mai saurin gani: tsakanin kwana 10 da kwana 33. Shi ya sa a Faransa ake ɗaukar sakamakon ɗakin bincike a matsayin tabbatacce in an yi shi sati 6 bayan abin da mutum ke tsoro ya faru, na gaggawa kuwa sai bayan wata 3.

Abin da ya sa wannan lokaci ke da hatsari shi ne, a cikinsa ne ƙwayar ta fi yawa cikin jini. Tana iya kai miliyoyi cikin ɗan abin da bai cika cokalin shayi ba. Binciken da aka yi bisa ma'aurata a yankin Rakai na ƙasar Uganda, wanda aka buga a 2005, ya nuna cewa a watannin farko na kamuwa ne mutum ya fi saurin shafa wa abokin kwanansa. Ke nan a daidai lokacin da takarda ke cewa babu, a lokacin ne cutar ta fi yaɗuwa.

Jiki yakan ba da wasu alamu, sai dai alamu ne masu ruɗarwa. Sati 2 zuwa 4 bayan kamuwa, mutane da yawa kan yi zazzaɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, ciwon gaɓoɓi, kaluluwa a wuya ko hamata, wani lokaci da ƙananan ƙuraje a ƙirji. Bayan ƴan kwanaki sai abin ya wuce da kansa. A ƙasar da masassarar cizon sauro ta zama abokiyar zama, wa zai kawo sida a ransa? Sai a sha maganin masassara, a tashi, a manta. A Uganda, Kenya da Mozambik, masu bincike sun auna jinin manyan mutane da suka zo asibiti da zaton masassara, suka tarar wasu kaɗan daga cikinsu sabon kamu ne na VIH, kuma awon antikor bai gan su ba. Wasu kuma ba su jin kome ko kaɗan.

Aure da ƙarin jini

Yin awo kafin aure al'ada ce mai kyau da ke ƙara samun karɓuwa a birane. A ƙetaren iyaka, jihar Kano ta mai da shi doka a shekarar 2024. Amma awon da aka yi ana gobe ɗaurin aure, labarin wata ukun da suka wuce ba lalle ne ya iya bayarwa ba. Wanda ya dawo daga cin rani a Abijan, Legas ko Libiya bayan doguwar rabuwa da iyali, in ya san ya kusanci wata a can gab da dawowarsa, awo ɗaya bai ishe shi ba. Haka ma wanda bai je ko'ina ba amma ya san abin da ya aikata cikin gari. A nan akwai abin lura: matar da ta gama idda ko takaba ta riga ta yi zaman watannin da awo ke bukata, don haka sakamakonta mai nauyi ne. Namiji kuwa babu wani zama da aka ɗora masa. Shi ne ya san kwanakinsa, kuma a gidan da ke da mata biyu ko uku, kuskuren lissafinsa ba mace ɗaya zai shafa ba.

Wurin ƙarin jini kuwa lamarin ya fi tsanani, domin jinin da ke ɗauke da ƙwayar, in an ƙara wa mutum shi, kusan ko yaushe sai ya kamu. Masu bukatar jini a ƙasar nan an san su: yara da masassara ta shanye wa jini lokacin damina, mata masu zubar jini wurin haihuwa, masu ciwon amosanin jini, da waɗanda suka yi hatsarin mota. Cibiyar ƙarin jini ta ƙasa da ke Yamai da rassanta na jihohi suna auna jini kafin a ba da shi, amma babu awon da ke rufe taga ruf. Ƙasashe masu hali sun ƙunsa tazarar ta hanyar auna jinin da aka bayar da PCR: Amurka tun 1999, Faransa tun watan Yuli na 2001, Afirka ta Kudu kuma tun watan Oktoba na 2005. Aiki ne mai tsada, mai bukatar wutar lantarki da ƙwararrun ma'aikata.

Inda babu wannan, babbar kariya ita ce gaskiyar mai ba da jini. Tambayoyin da ma'aikaci ke yi masa kafin ɗibar jini ba don bin diddigin asirinsa ba ne. Da su ake gane wanda watakila yana cikin kwanakin ɓuya. Ɗan'uwan da aka kira da gaggawa bakin gadon marar lafiya, dangi na kallonsa, da wuya ya iya cewa a bar shi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fi ƙarfafa a dogara bisa masu ba da jini don radin kansu, ba da biya ba, waɗanda ke zuwa a kai a kai ana auna su. Wanda kuma ya je ba da jini don kawai ya san ko yana da cutar bayan wani abin da ya aikata, ya jefa rayuwar wani cikin hatsari. Wurin awo dabam, wurin ba da jini dabam.

Ƙwayar da ta sake kama

Hanya ta biyu ita ce ta sawun da ba a sani ba. Kayan awo na farko an ƙera su ne bisa irin ƙwayar da ta yaɗu a Amurka da Turai. Ba a daɗe ba sai aka gane cewa ƙwayar sida dangi ce mai rassa. A 1985, binciken da Farfesa Souleymane Mboup na Dakar ya yi tare da masana na Faransa da Amurka ya nuna cewa jinin wasu mata a Senegal yana amsa awo ta wata hanya dabam. A 1986 cibiyar Pasteur ta ware sabuwar ƙwayar daga jinin marasa lafiya ƴan Gine Bisau da Kap Ber, aka sa mata suna VIH-2. Gidanta Afirka ta Yamma ne, kuma tsofaffin kayan awo sukan kuskure ta. Ba ta kai VIH-1 saurin yaɗuwa ko saurin kā da mutum ba, amma ita ma tana kai wa ga sida. Sanin ta yana da amfani har yau saboda dalili biyu: magunguna irin su nevirapine da efavirenz ba su yi mata kome, kuma na'urar da ke ƙidaya yawan VIH-1 cikin jini ba ta ƙidaya ta daidai. Maganin dolutegravir, wanda OMS ta sa a sahun gaba tun 2019, yana aiki bisa dukkansu biyu.

Ita kanta VIH-1 ta kasu kashi huɗu. Babban kashi, mai suna M, shi ne ya game duniya. A 1990 masana na birnin Anvers a Beljiyam suka ba da labarin wata ƙwaya dabam da suka samu a jinin wasu ƴan Kamaru biyu. Daga baya aka sa wa irinta harafin O, wato wadda ta fita daga sahu. A 1994 likitocin Paris suka nuna cewa wasu kayan awo da ke kasuwa a lokacin suna ba da « negatif » ga mutanen da ke ɗauke da ita. Wannan ya girgiza hukumomi, aka sake gwada kayan awo, masu ƙera su kuma suka ƙara musu abin da zai kama O. Ashe ma ƙwayar tsohuwa ce: wani ma'aikacin jirgin ruwa ɗan ƙasar Norwe, wanda ya taɓa sauka a gaɓar Kamaru farkon shekarun 1960, ya mutu a 1976 tare da matarsa da ƴarsu, kuma sai bayan shekaru da yawa aka gane daga abin da aka adana na jikinsu cewa irin O ce ta kashe su. Binciken da Martine Peeters da abokan aikinta suka buga a 1997 ya same ta a Kamaru, Gabon da Nijeriya, sa'an nan jefi-jefi a wasu ƙasashe, har da Cadi da Nijar.

An ƙara gano kashi N a 1998, da kashi P a 2009, dukkansu a jinin ƴan Kamaru, kuma mutanen da aka samu da su ƴan ƙalilan ne. Kayan awon zamanin nan da OMS ta amince da su suna kama VIH-1 da VIH-2, yawancinsu kuma suna kama O. Wannan ƙofa ta kusa rufewa, muddin ana sayen kayan ta hanyar hukuma, ba a kasuwar bayan fage ba.

Jarirai da masu shan magani

Ga jariri, awon antikor yana iya ruɗarwa ta fuska biyu. Uwa tana ba ɗanta antikor nata tun yana ciki, kuma suna iya zama cikin jininsa har wata 18. Saboda haka jaririn da bai kamu ba yana iya nuna « pozitif ». Shi ya sa ake auna ɗan mai VIH da PCR yana da sati 4 zuwa 6, ta hanyar ɗiga jinin dundunniyarsa bisa wata takarda ta musamman, a busar, a aika ɗakin bincike. Ana sake awo yana da wata 9, a yi na ƙarshe bayan wata 18, ko wata 3 bayan yaye in shan nono ya wuce haka. Mace kuma da aka auna farkon ciki aka ce babu, tana iya kamuwa daga baya, cikin ciki ko lokacin shayarwa. Sabon kamu irin wannan ya fi saurin kai wa ga yaro, don haka awon ciki na ƙarshe da awon maigida suna da muhimmanci.

Hanya ta uku ita ce ta sawun da ya share. In aka fara ba mutum magungunan ARV da wuri ƙwarai, ƙwayar takan kwanta tun jiki bai gama ƙera antikor ba, ko kuwa waɗanda ya ƙera su ragu bayan shekaru. A Afirka ta Kudu an ga cewa kusan rabin jariran da aka fara wa magani cikin makonninsu na farko ba su nuna antikor ba sa'ad da suka kusa shekara biyu, alhali suna ɗauke da cutar. Labarin da ya fi shahara shi ne na wata yarinya a jihar Misisipi ta Amurka, wadda aka haifa a 2010. An fara ba ta magani awa 30 bayan haihuwa, aka daina tana da kimanin wata 18. Awon antikor bai nuna kome ba, ƙwayar ma ba ta bayyana ba. A watan Maris na 2013 labari ya game duniya cewa watakila ta warke. A watan Yuli na 2014, bayan wata 27 babu magani, ƙwayar ta dawo cikin jininta. Duk tsawon lokacin nan tana kwance ne cikin wasu sassan jiki inda awo ba ya kai wa.

Wannan darasi ne ga duk mai shan ARV. Wani kan sha magani shekara da shekaru, ya ji ƙarfi, sai ya tafi wani asibitin da ba a san shi ba ya nemi awon gaggawa, ko ya auna kansa a ɗaki. In ya ga layi ɗaya, sai ya ce ya warke, musamman in a tsakanin nan ya sha wani jiƙo ko ya biya wani mai da'awar warkarwa. OMS ta yi gargaɗi a fili cewa wanda ke bisa magani kada ya sake yin irin wannan awo, domin yana iya ba shi amsar ƙarya. Haka nan in likita ya ce ba a ga ƙwayar ba wurin ƙidaya yawanta cikin jini, ma'anarsa magani yana aiki: mutum zai rayu cikin lafiya, kuma ba zai shafa wa matarsa ko mijinta ta hanyar kwanciya ba muddin abin ya ɗore haka. In ya bar magani, cikin ƴan makonni ƙwayar za ta tashi. A Gambiya, cikin watan Janairu na 2007, shugaban ƙasa na lokacin Yahya Jammeh ya yi shelar cewa yana warkar da sida da itatuwa, aka sa marasa lafiya suka bar ARV, aka riƙa nuna takardun awo a matsayin shaida. Da dama daga cikinsu suka mutu.

Magungunan rigakafi da ake ba wanda bai kamu ba, na haɗiya ko na allura mai daɗewa a jiki kamar cabotegravir, su ma suna iya jinkirta fitowar antikor in mutum ya fara su yana cikin kwanakin ɓuya. Don haka ake auna shi kafin a fara, a kuma riƙa auna shi a kai a kai.

Jikin da bai amsa ba, da kayan da suka lalace

Akwai kuma wasu mutane, ƴan ƙalilan ainun, da jikinsu ba ya ƙera antikor ko bayan watanni. An ba da labarin irin wannan a jihar Yuta ta Amurka a 1995. A 2010 masana na jami'ar Johns Hopkins suka tattara duk labaran da aka buga a mujallun likitanci, suka samu mutum 25 kacal, cikin miliyoyin da suka kamu a duniya. Yawancinsu ciwo ya kā da su cikin gaggawa, ƙwayar ta cika jininsu, kuma da aka yi musu PCR nan take aka gan ta. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ƙwarai, garkuwar jikinsa ta rushe, shi ma awon gaggawa yana iya kuskure shi. Saboda haka likita mai lura, in ya ga mutum da rama, da zawo marar tsayawa, da farin kumfa a baki, da tarin fuka, ba ya tsayawa bisa takarda ɗaya.

Wani dalilin kuma ba daga jini yake ba, daga kayan aiki ne. Yawancin kayan awon gaggawa an rubuta a kwalinsu cewa a ajiye su tsakanin digiri 2 da digiri 30. A watannin Afrilu da Mayu, zafin Tawa ko Damagaram yana wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin ɗakin ajiya mai rufin kwano ko bayan motar da ta yini bisa hanya. Kayan da suka sha irin wannan zafi, ko waɗanda wa'adinsu ya wuce, ko aka karanta su kafin mintocin da aka ƙayyade su cika, ko aka ɗiga musu jinin da bai isa ba, duk suna iya ba da amsar da ba daidai ba.

Kada tsoro ya wuce wuri

Duk wannan bayani bai kamata ya sa mai lafiya ya hana kansa barci ba. A watan Yuli na 1992, wurin babban taron duniya bisa sida a birnin Amsterdam, an ta da hankali da labarin wasu marasa lafiya masu raunin garkuwar jiki waɗanda ba a sami VIH a jininsu ba. Jaridu suka yi ta maganar sabuwar ƙwaya da awo ba ya gani. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi takardun mutum fiye da 200.000, ta samu 47 masu irin wannan hali, kuma babu wata shaida cewa suna shafa wa iyalansu. Ciwo ne dabam, ba mai yaɗuwa ba.

Har yau ana samun mutanen da ke bin asibitoci suna awo sau biyar, sau goma, suna ƙin yarda da amsa. Ga wanda ba ya shan ARV ko maganin rigakafi, awon da aka yi da kaya masu kyau wata 3 bayan abin da yake tsoro, in ya ce babu, to babu. In yana da wani ciwo a jiki, sai a nemi dalilinsa a wani wuri. A Nijar, ƙidayar lafiya ta ƙasa ta nuna cewa masu ɗauke da VIH cikin baligai sun ragu daga kashi 0,7 cikin ɗari a 2006 zuwa kashi 0,4 a 2012, wato ƙasar tana cikin masu ƙarancin cutar a Afirka.

Abin da ya rage ga kowa

Ga mai zuwa awo, abu mafi amfani shi ne ya faɗa wa ma'aikacin lafiya ranar da abin ya faru, ba tare da kunya ba. Doka ta hana ma'aikaci tona asirin wanda ya auna. In kwana 3 ba su cika ba, wato awa 72, akwai maganin gaggawa na kwana 28 da ke iya hana kamuwa. Wannan ya shafi matar da aka yi wa fyaɗe da ma'aikacin da allurar marar lafiya ta soke shi. In kwanaki sun wuce haka, sai a yi awo, a riƙe ranar da za a dawo, a tsakani kuma a yi aiki da kwaroron roba, kada a ba da jini. In amsa ta zo da shakka, wani awo ya ce akwai wani ya ce babu, ƙa'idar OMS ita ce a dawo bayan kwana 14.

Ga shugabannin asibitoci da masu kula da ɗakunan ajiya, nasu aikin shi ne duba wa'adin kaya da zafin wurin da aka ajiye su, da tabbatar da hanyar aika jinin jarirai da na marasa lafiyar da ake shakka zuwa inda ake yin PCR, amsa kuma ta dawo kan lokaci. Ga sarakuna, limamai da iyayen da ke shirya aure, zai fi kyau a yi awo tun lokacin baiko, a sake shi gab da ɗaurin aure, ango da amarya duka. Malaman yaƙi da jahilci kuwa, da duk wanda ya iya karatu a unguwa ko ƙauye, in an kawo masa takardar awo ya karanta wa wani, to ya karanta har da kwanan watan da ke bisa kanta, ya kuma tambayi mai ita ko an ce masa ya koma.